Yadda Ake Zaɓen Risibar Sauti Da Hoto Don Sinimar Gida

Risiba ita ce akwatin da ke zama tsakanin talabijin da sifikoki. Dikoda, na'urar gem, kwamfuta da duk abin da ke kawo fim suna shiga cikinta, ita kuma ta tura hoto zuwa talabijin, ta rarraba sauti ga kowace sifika tare da ba ta ƙarfin da za ta yi magana. Ɗakinka da sifikokinka da irin wutar unguwarku su ne za su gaya maka wadda ta dace da kai. Lambar wat ɗin da aka rangaɗa a jikin kwali ita ce ta ƙarshe da za ka duba, kuma ita ce ta fi yaudarar masu saye.

Abubuwan da za ka tanada kafin ka je kasuwa

Tef na awo, takarda da biro. Mitar gwajin wuta, ko ta aro ce daga mai gyaran rediyo. Wayarka, don ɗaukar hoton bayan talabijin da bayan kowace sifika da kake da ita, inda aka rubuta lambobinsu. Wayar HDMI guda ɗaya wadda ka tabbatar tana aiki. Filas ɗauke da fim ɗaya mai sautin 5.1 da kuma waƙa ko karatun da kunnenka ya saba da shi sosai. Ƙaramar tocila. Batirin rimot guda biyu, domin a shagunan gwanjo da wuya ka tarar da rimot mai batiri.

1. Auna ɗakin, ka yanke yawan sifikoki

Auna tsawo, faɗi da tsayin silin, sannan ka auna daga inda ake zama zuwa talabijin. Zana ɗakin a takarda, ka nuna ƙofa, taga da kujeru.

Lambobin da ake rubutawa a jikin risiba suna da sauƙin fahimta. A 5.1, biyar ɗin sifikoki ne: hagu, dama, tsakiya, da biyu na gefe. Ɗayan kuma wufa ce, mai fitar da gurnani. A 7.1 an ƙara biyu a bayan mai kallo. Idan ka ga lamba ta uku, kamar 5.1.2, to biyun nan na sama ne, na tsarin Dolby Atmos ko DTS:X, waɗanda ke sa ka ji ruwan sama ko jirgi kamar a bisa kanka. Risibar da aka rubuta wa 7.2 tana da amfilifaya bakwai a ciki da ramin wufa biyu, saboda haka ko dai ka yi 7.1 da ita ko 5.1.2, ba za ta yi duka biyun a lokaci ɗaya ba.

A yawancin falukanmu ana jingina kujera da bango. Idan haka naka yake, manta da 7.1, domin sifikokin baya suna buƙatar fili kamar mita ɗaya ko fiye a bayan kujera. Mai irin wannan falo 5.1 ya ishe shi, ko 5.1.2 idan silin ɗinsa ya yarda. Wanda ke da silin POP yana iya huda shi ya binne sifikoki biyu. Akwai kuma sifikoki masu harba sauti sama ya dawo ƙasa, amma sai silin ya zama shimfiɗaɗɗe mai tauri, tsayinsa bai wuce kamar mita 3.5 ba. Silin mai hawa-hawa da ado yana warwatsa sautin, kuɗin ya tafi a banza.

Idan kuɗi bai kai ba, fara da sifikoki biyu na gaba da wufa, daga baya ka ƙara ta tsakiya, sannan na gefe. Kowace risiba tana aiki da sifikoki ƙasa da adadin da aka rubuta mata.

2. Duba sifikokin da kake da su

Nan ne mutane suka fi yin asara. Gidaje da yawa suna da tsohon saitin DVD mai dogayen sifikoki, kan ya mutu, sai mai gida ya ce bari ya sayi risiba ya jona su. Kafin ka yi haka, juya bayan sifikar ka karanta om ɗinta, wato ma'aunin yadda take tare wutar da ke shigarta. Da yawa daga cikin irin waɗannan om 3 ne ko 4, alhali galibin risibobi an ƙera su ne don om 6 zuwa 8, wasu kaɗan suna ɗaukar 4. Duk lokacin da om ya yi ƙasa, sifikar tana jan wuta da yawa daga amfilifaya. Sakamakon shi ne risiba ta yi zafi, ta riƙa kashe kanta da zarar an ƙara murya, wata rana kuma ta ƙone.

Idan rubutun ya goge, ɗora mita a kan bakin wayoyin sifikar bayan ka cire ta daga komai. Mita takan nuna ƙasa kaɗan da ainihin lambar: sifika mai om 8 za ta nuna wajen 6 ko 7. Wadda ta nuna 3 ko ƙasa da haka, ajiye ta gefe.

Wufa ma tana da nata tarkon. Ramin wufa na risiba sigina kawai yake fitarwa, babu ƙarfi a cikinsa, don haka sai wufa mai amfilifayarta a ciki, wato wadda ke da tata wayar wuta ta zuwa soket. Wufar tsohon saitin DVD mai siraran wayoyi biyu kawai ba za ta yi ko tari ba idan ka jona ta a can. Ko dai ka sayi mai wuta, ko ka nemo mata ƙaramar amfilifaya ta daban.

3. Karanta wat yadda ya kamata

Lambar da za ka yarda da ita ita ce wadda aka rubuta tare da sharuɗɗanta: sifikoki biyu suna aiki tare, om 8, daga 20Hz zuwa 20kHz, gurɓatar sauti ƙasa da kashi 0.1 cikin ɗari. Risiba ɗaya za a iya rubuta mata wat 80 da wannan ma'auni, a kuma rubuta mata kusan ninkin haka idan an auna da sifika ɗaya, om 6, gurɓata kashi 10 cikin ɗari. Ta biyun ce ake bugawa da manyan baƙaƙe a kwali. Lambar PMPO kuwa, irin su wat 5000 a jikin akwatin da yaro zai ɗaga da hannu ɗaya, kada ka sa ta a lissafi ko kaɗan.

Kada kuma ka biya ƙarin kuɗi don bambancin wat 80 da 100. Tsakaninsu desibel ɗaya ne kacal (desibel, ko dB, shi ne ma'aunin ƙarar sauti), kunne da ƙyar yake kama shi. Sai ka ninka wat sau biyu kafin ka sami ƙarin desibel 3, sai ka ninka sau goma kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninka. Abin da ya fi tasiri shi ne saurin amsawar sifikar kanta. Wadda aka rubuta wa 88dB tana ba da desibel 88 da wat ɗaya tak a nisan mita ɗaya, da wat 10 kuma ta kai 98, wanda tuni maƙwabta sun fara ji. Sifika mai 91dB rabin ƙarfin da mai 88dB ke buƙata ya ishe ta. Ga falo mai mita 4 a 5, risiba mai wat 70 zuwa 90 na gaskiya ta wadatar, musamman da yake wufa ce ke ɗaukar aikin da ya fi cin wuta.

Wata dabara: duba bayan risibar, kusa da wayar wuta, inda aka rubuta abin da take ja daga soket. Na'urar da ke jan wat 250 ba za ta iya raba wa sifikoki bakwai wat 150 kowacce a lokaci ɗaya ba. Ɗaga ta kuma ka ji nauyinta. A irin risibobin da aka saba, nauyi yana nufin babbar taransifoma, ko da yake masu amfilifaya ajin D ba su da nauyi kuma ba laifi ba ne gare su.

4. Ƙirga ramukan HDMI, ka duba zamaninsu

Lissafa duk abin da za ka jona, ka ƙara rami ɗaya ko biyu saboda gaba. Daga nan sai maganar zamani, wadda ita ce ke tsufar da risiba tun sautinta bai gaza ba.

Idan talabijin ɗinka 4K ne, nemi risiba mai HDMI 2.0 zuwa sama tare da HDCP 2.2 ko 2.3, wato tsarin hana kwafar fim. Rashin HDCP ɗin nan shi ke sa ka jona na'ura ka ga allo baƙi ƙirin, ko hoto ya sauka zuwa 1080p. Risibobin da aka yi kafin 2015 da yawa suna ɗauke da tambarin 4K amma ba su da shi. Ka tabbatar kuma tana wuce da tsarukan ƙara wa hoto haske da launi, wato HDR10 da HLG, da Dolby Vision idan talabijin ɗin yana da shi. Talabijin na Samsung ba sa amfani da Dolby Vision, HDR10+ suke yi, to mai irinsu wannan zai duba.

HDMI 2.1 na mai PlayStation 5, Xbox Series X ko kwamfutar gem ne, wanda ke son 4K mai hoto 120 a daƙiƙa. Wanda kallonsa dikoda ne da Netflix ba ya buƙatarsa. Masu gem su kula da abu biyu: a wasu risibobi rami ɗaya ne kawai ko uku ke da wannan gudun, kuma wasu samfuran farko na shekarar 2020 sun fito da matsalar baƙin allo idan aka jona Xbox Series X a wannan gudu. In za ka sayi ta wannan shekarar, je da na'urarka a gwada a gabanka.

Sai ARC da eARC, hanyar da sauti ke komowa daga talabijin zuwa risiba ta wayar HDMI ɗin da ta haɗa su. Wannan ne ke ba ka damar jin YouTube da Netflix na cikin talabijin a manyan sifikoki. ARC yana ɗaukar Dolby Digital, a talabijin da yawa har da Dolby Digital Plus. eARC yana ɗaukar har da manyan tsaruka irin su Dolby TrueHD. Amfaninsa na biyu ya fi wannan: da eARC kana iya jona na'urar gem kai tsaye a talabijin, sauti kawai ya sauko wa risiba, ka ga ko ramukanta sun tsufa ba ka rasa komai ba. Idan talabijin ɗinka ba shi da ko ARC, yi amfani da wayar haske, wadda ke shiga ramin da aka rubuta wa Optical. Tana ɗaukar 5.1 na Dolby Digital da DTS, amma ban da Atmos.

5. Wutar da za ta sha

Najeriya da Ghana bolt 230 suke amfani da shi, Nijar 220, duka a kan 50Hz. Amurka da Kanada 120 ne, Japan 100. Kayan gwanjo da ke shigowa kasuwanni irin su Alaba a Legas da Sabon Gari a Kano gauraye suke, kuma risiba ba kamar cajar waya ba ce da ke karɓar kowace wuta. Yawancinsu bolt ɗaya suka sani. Jona mai 120 a soket ɗinmu sau ɗaya ya isa ya kashe ta. Karanta rubutun baya da idonka, kada ka dogara da siffar fulogi, domin ana sauya fulogi. Wasu samfuran da aka yi wa kasuwar Asiya suna da maɓallin zaɓen bolt a baya, to ka tabbatar yana kan 220 zuwa 240 kafin a kunna.

In ka ga mai 120 da ta kwanta maka a rai, sai da taransifomar rage wuta wadda ƙarfinta ya ninka abin da risibar ke ja. Mai jan wat 500 a ba ta ta wat 1000. Ka sani kuma za ta ɗan fi zafi, domin an naɗa taransifomarta ne don 60Hz. Masu son rediyo su ƙara sanin cewa risibar Amurka takan kama tashoshin FM masu ƙarewa da lambar mara ne kawai, 88.1, 88.3, 88.5, tashar da ke kan lambar cika ba za ta zauna daidai ba. A ganina, in dai da ta Turai ko ta Dubai a gabanka, ɗauki ita ka huta.

Sa kuɗin sitabilaiza cikin kasafin tun farko. Haɗa abin da risiba, wufa da talabijin ke ja, ka ƙara rabinsa a kai. Ga yawancin gidaje 1500VA zuwa 2000VA ya isa. Zaɓi mai jinkirta sakin wuta na ɗan lokaci bayan an kawo NEPA, domin wannan fizgar ta farko ita ke cin allon HDMI. A kashe risiba kafin a juya layi zuwa janareta. Mai sola ya tabbatar inbatarsa mai tsabtatacciyar wuta ce, irin da ake rubuta wa pure sine wave. Ɗaya nau'in mai araha yana sa taransifomar risiba ta riƙa kuka tana zafi. Da damina kuma, tsawa ta fi shigowa ta wayar dish, ta bi dikoda, ta bi HDMI ta faɗa risiba. Idan hadari ya haɗo, zare wayar dish ɗin da fulogi duka, kashe soket kaɗai bai isa ba.

6. Zafi da ƙura

Littattafan risibobi da yawa suna nuna iyakar zafin wurin aiki digiri 35, alhali a watan Afrilu Kano, Sakkwato, Maiduguri da Yamai suna haura 40. Saboda haka auna inda za ta zauna tun kafin saye: faɗinta yakan kai santimita 43 zuwa 44, zurfinta 33 zuwa 40, ga wayoyi a baya. Bar mata aƙalla santimita 15 zuwa 20 a sama, kada a rufe ta cikin kabad mai gilashi, kada a ɗora mata dikoda, kada kuma a shimfiɗa mata ƙyallen ado a ka tana aiki, ramukan saman nan ta nan take numfashi. Idan wurin ya matse, ƙaramar fanka mai USB a samanta tana zuƙe zafin. Lokacin hunturu a rufe ta idan an kashe ta ta huce, a kuma busa mata iska lokaci-lokaci.

7. Makirufon daidaita ɗaki da sauran ƙari

Falon tayil da bangon siminti yana amsa kuwwa, shi ya sa ake jin harbi da kiɗa a fim amma magana ta dagule. Risibobin kirki suna zuwa da ɗan makirufo da ake ajiyewa a wurin zama, su saki sautin gwaji, su auna nisa da ƙarfin kowace sifika su daidaita. Denon da Marantz suna amfani da Audyssey, Yamaha na da YPAO, Pioneer MCACC, Onkyo AccuEQ, wasu manyan samfura kuma suna da Dirac Live. Wannan ya fi ƙarin wat 20 amfani nesa ba kusa ba. Kafet da labule masu kauri su ma suna rage rabin matsalar tun kafin makirufo ya fara aiki.

Sauran ƙarin, ɗauki wanda za ka yi amfani da shi kawai. Bluetooth kusan kowa na so. Zone 2 na wanda ke son sifikoki a tsakar gida ko wani ɗaki ne. Ramukan Pre Out na wanda zai ƙara amfilifaya ta waje nan gaba ne. Kuma tunda yawancin finafinan Hausa da ake kallo a YouTube sautinsu na sifika biyu ne, duba ko tana da Dolby Surround ko DTS Neural:X, su ne ke baza irin wannan sauti zuwa duk sifikokin, su kai magana tsakiya.

Wajen rabon kuɗi, kada risiba ta cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku. Sifikoki da wufa su ne muryar, kuma sukan yi shekaru suna aiki bayan an sauya risiba sau biyu.

8. Gwaji a shago

Sabuwa ce, a buɗe kwali a gabanka. Lambar jikinta ta yi daidai da ta kwali da ta rasit, a ga rimot, makirufo da eriya, a rubuta maka sharaɗin garanti da inda za a kai ta idan ta samu matsala.

Ta gwanjo ce, kada ka yi sauri. Haska tocila ta ramukan sama ka nemi alamar ƙuna, tsatsa ko kumburarren kafasito, ka kuma sunsuna. A kunna: bayan daƙiƙa kaɗan za ka ji ƙas, alamar ta saki sifikoki. Idan ta mutu nan take ko fitilarta ta riƙa ƙiftawa, tana kare kanta ne daga wata cuta a ciki, bar ta komai arharta. Shiga menu ka kunna sautin gwaji, a jona sifika ɗaya a kowane rami bi da bi, kada ka yarda da biyun gaba kawai. Gwada kowane ramin HDMI da wayarka, domin allon HDMI shi ya fi mutuwa kuma gyaransa yakan kusa kuɗin wata risibar. Sa fim ɗin filas ɗinka ta hanyar talabijin ko wata na'ura, ka ga fuskar risibar ta rubuta Dolby Digital ko DTS. Bar ta tana aiki rabin awa, wata cutar sai ta yi zafi take bayyana. Idan babu makirufo a rage maka kuɗi, domin kowane kamfani da irin nasa, na wani ba ya ba da awo daidai. Za ka iya shigar da nisan sifikoki da hannu ta amfani da tef ɗinka.

9. Kunnawar farko a gida

Sayi wayar sifika ta jan ƙarfe zalla, mai kaurin 1.5mm² idan nisan bai wuce mita 10 ba, 2.5 idan ya fi haka. Kankare bakinta da wuƙa: idan ciki ya fito fari, alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe, sai ka ƙara kauri ko ka nemi wata. Jona komai risiba tana cire daga wuta. Ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi, idan ka juya ɗaya gurnani zai ragu, murya ta rasa tsakiya. Murɗe bakin wayar sosai, silin waya ɗaya da ya taɓa maƙwabcinsa ko jikin ƙarfen ya isa ya sa ta kashe kanta.

Wayar da za ta tafi talabijin ta fito daga ramin HDMI Out ta shiga ramin da aka rubuta wa ARC ko eARC, sannan ka kunna CEC, tsarin da ke sa na'urori su ba juna umarni ta wayar HDMI, a ɓangarorin biyu. Samsung na kiransa Anynet+, LG SimpLink, Sony kuma Bravia Sync. Ajiye makirufo daidai tsayin kunnen wanda ke zaune, a kan sanda ko tarin matasai, kashe fanka da AC, a yi shiru har ta gama. Bayan ta gama, koma menu ka duba abin da ta zaɓa. Sau da yawa takan sa sifikokin gaba a kan Large. Idan kana da wufa mayar da su Small, ka sa mahaɗar sautinsu, wato Crossover, a 80Hz, ƙananan sifikoki kuma 100 zuwa 120Hz, don gurnani ya koma wa wufa, risiba ta samu sauƙi. Idan har yanzu magana na nutsewa cikin kiɗa, ƙara wa sifikar tsakiya desibel 2 ko 3. Idan kuma kana jin wani huuu a sifikoki ko babu abin da ke kunne, zare wayar dish daga dikoda ka saurara. In ya ɗauke, matsalar ta ayin ce, wato wayar da ke kai wuta ƙasa, tsakanin dish da wutar gida, sai a jona dukkan na'urorin a soket ɗaya, a kuma kira mai waya ya gyara ayin ɗin.